Tutar Watsa Shirye-shirye: Shari'ar da Aka Yi a Amurka Kan Naɗar Talabijin a Kwamfutar Tafi-da-gidanka

A shekarar 2004 kamfanin Elgato da ke birnin Munich na ƙasar Jamus ya fitar da wani ɗan ƙaramin akwati mai suna EyeTV 500 domin kasuwar Amurka. Ana ɗaura masa eriya, a jona shi da kwamfutar Apple ta kafar FireWire, shi ke nan mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya samu damar kallon tashoshin talabijin da ake watsawa kyauta ta iska da hoto tangaran, wanda ake kira HD, ya kuma naɗi duk shirin da ya ga dama ya ajiye. A daidai wannan lokaci wani ƙaramin kamfani a jihar Utah mai suna pcHDTV yana sayar da katin da ke yin irin wannan aiki a kwamfutocin tebur masu aiki da manhajar Linux. Tun kafin waɗannan na'urori su gama shiga hannun jama'a an riga an yanke musu wa'adi, domin Hukumar Sadarwa ta Tarayyar Amurka, wato FCC, ta ce daga ranar 1 ga Yuli, 2005, ba za a ƙara ƙera ko shigo da na'urar kamo talabijin na dijital ba, sai wadda ke biyayya ga wata alama da tasha za ta saka a cikin siginarta. Alamar ita ce aka sa wa suna tutar watsa shirye-shirye, kuma a kanta ne aka kai ruwa rana har gaban kotu.

Abin da na'urar ke yi

Ba za a fahimci rigimar ba sai an san abin da ke shigowa ta eriya. FCC ta amince da tsarin watsa talabijin na dijital mai suna ATSC a watan Disamba na 1996, tashoshin farko kuma suka fara watsa wa jama'a shirye-shirye da shi a ƙarshen 1998. A wannan tsari kowace tasha tana da zango mai faɗin megahaz 6, wanda ke ɗaukar megabit 19.39 na bayanai a kowace daƙiƙa. Tun daga tasha ake matse hoton da tsarin MPEG-2, a matse sautin da tsarin AC-3 na kamfanin Dolby, sannan a harba su cikin iska ba tare da wani kulle ba. Manyan tashoshin CBS da NBC sun zaɓi hoto mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wanda ake aiko layukansa rabi da rabi, ABC da Fox kuwa suka zaɓi mai ɗigo 1280 da 720, wanda ake aiko kowane hoto cikakke sau 60 a daƙiƙa, abin da ya fi dacewa da wasanni masu saurin motsi.

Tun da tasha ta riga ta yi wahalar matsewa, aikin na'urar kamo tasha ba shi da yawa. Tana mayar da igiyar rediyo zuwa jerin lambobi ta miƙa wa kwamfuta, ita kuma kwamfutar ta rubuta su a faifan ajiyarta yadda suka zo. Saboda haka abin da aka naɗa da abin da aka watsa abu ɗaya ne, babu ɗigon da ya ɓace, kuma ko sau dubu aka kwafe shi ba zai dushe ba. Duk wanda ya taɓa kallon kaset ɗin bidiyo da aka kwafo daga wani kwafin, inda launi ya wanke hoto kuma yake rawa, ya san girman wannan bambanci. Kamfanonin fina-finai ma sun san shi, kuma shi ne tushen fargabarsu.

Wahalar da mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya sha a waɗancan shekaru ta wani ɓangare ce dabam. Tsohuwar kafar USB 1.1 ba ta wuce megabit 12 a daƙiƙa, don haka cikakkiyar sigina ba ta iya bi ta cikinta, dole sai FireWire mai megabit 400 ko USB 2.0 mai 480, wadda a lokacin sababbin kwamfutoci kaɗai ke da ita. Sai kuma wurin ajiya. Idan aka lissafa megabit 19.39 a daƙiƙa, awa ɗaya tana cin kusan gigabayit 8.7, ke nan faifai mai gigabayit 60, irin wanda aka saba gani a kwamfutocin hannu na 2004, ba ya ɗaukar fiye da awa bakwai ko da babu komai a cikinsa. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne naɗar shiri ta fi kallonsa sauƙi. Naɗa rubutu ne kawai a faifai, kallo kuwa yana bukatar ƙwaƙwalwar kwamfuta ta warware matsin MPEG-2, ta haɗa layukan da suka zo rabi da rabi, ta kuma rage hoton ya dace da fuskar allo, duk a cikin lokacin da ake kallo. Kwamfutoci da yawa sukan ɗauki zafi, fanka ta yi ta ƙara, hoto ya riƙa tsinkewa, batir kuma ya ƙare kafin shiri ya ƙare. Hatta PowerBook mai inci 17, wadda ita ce babbar kwamfutar hannu ta Apple a lokacin, ɗigon allonta 1440 ne da 900, wato ba ta iya nuna hoton CBS da cikakken girmansa.

Ita ma eriya tana da nata hukunci. A tsohon tsarin analog, idan sigina ta yi rauni hoto yakan yi yayyafi amma a ci gaba da kallo. A dijital babu tsaka-tsaki, ko dai hoto ya fito garau, ko ya daskare ya farfashe ya ɓace. Tsarin harba sigina na ATSC, wanda ake kira 8VSB, ya sha suka saboda ba ya jure siginar da ta bugi gini ta dawo, har kamfanin tashoshi na Sinclair ya roƙi FCC a 1999 ta halatta tsarin COFDM irin na Turai, ta ƙi a farkon 2000. Wanda ke zaune a tsakiyar birni da ƙaramar eriya a bakin taga shi ya fi jin jiki, har sai da ingantattun na'urorin kamo sigina suka fito daga baya. A nan ya kamata mai karatu a Najeriya ko Nijar ya lura cewa na'urar ATSC da aka sayo daga Amurka ba za ta kamo komai a wajenmu ba, domin ƙasashen yankinmu wani tsarin dabam mai suna DVB-T2 suka ɗauka.

Duk waɗannan matsaloli ne da lokaci yake magancewa, kuma kowa ya san haka. Faifai yana ƙara girma yana araha, ƙwaƙwalwar kwamfuta tana ƙara sauri kowace shekara. Masu fina-finai ba kwamfutar 2004 suke tsoro ba, ta shekaru biyar masu zuwa suke hange.

Yadda aka kafa dokar

Masana'antar fina-finai ta ga abin da Napster, dandalin musayar waƙoƙi kyauta ta intanet, ya yi wa masu waƙa tun daga 1999, ta kuma ga BitTorrent ya bayyana a 2001 da dabarar raba manyan fayiloli tsakanin mutane masu yawa. A watan Nuwamba na 2001 wakilan kamfanonin Hollywood da na masu ƙera kayan lantarki da na kwamfuta suka fara zama a wani kwamiti domin neman hanyar kare shirye-shiryen da ake watsawa, suka fitar da rahoto a watan Yuni na 2002 ba tare da sun daidaita kan komai da komai ba. A watan Disamba na wannan shekara kamfanin Viacom, wanda ya mallaki CBS a lokacin, ya rubuta wa FCC cewa idan ba a kafa tutar kafin bazarar 2003 ba, CBS ba za ta watsa wani shiri da hoton HD a zangon 2003 zuwa 2004 ba.

Wannan barazana ta taɓa hukumar a inda ya fi mata ciwo. Gwamnatin Amurka tana son jama'a su koma dijital da wuri domin ta karɓe zangunan iska da tashoshin analog suka mamaye, ta ba jami'an agajin gaggawa wani kaso, ta yi gwanjon sauran ga kamfanonin waya. Gwanjon da aka yi daga baya a 2008 ya tara fiye da dala biliyan 19. Idan manyan shirye-shirye suka gudu zuwa tashoshin kebul da na tauraron ɗan'adam, waɗanda dama a kulle suke, babu wanda zai sayi sabuwar talabijin, sauyin kuma ya tsaya. A ranar 4 ga Nuwamba, 2003, ƙarƙashin shugabancin Michael Powell, FCC ta amince da dokar. Kwamishinoni biyu, Michael Copps da Jonathan Adelstein, sun ƙi amincewa da wani sashenta, musamman ganin ba a ware labarai da shirye-shiryen al'amuran yau da kullum daga abin da za a iya ɗora wa tutar ba.

Ita tutar kanta ba komai ba ce illa 'yar gajeriyar alama a cikin bayanan da ke rakiyar shiri. Ba ta kulle hoto, ba ta ɓoye sauti, siginar tana nan a buɗe ga duk mai eriya. Ƙarfinta gaba ɗaya ya rataya ne a kan tilasta wa kowace na'ura ta duba ko alamar tana nan, idan ta gan ta kuma ta ƙi miƙa shirin ga wata na'ura ko faifai sai ta hanyar da hukuma ta amince da ita. A watan Agusta na 2004 FCC ta amince da hanyoyi 13, ciki har da DTCP na haɗin gwiwar Hitachi, Intel, Matsushita, Sony da Toshiba, da tsarin kulle na Windows Media, da kuma TiVoGuard na kamfanin TiVo, wanda ƙungiyar kamfanonin fina-finai da hukumar ƙwallon ƙafar Amurka ta NFL suka yi adawa da shi domin yana barin mutum ya tura shiri zuwa wasu 'yan na'urori ta intanet.

Ga akwatin talabijin na falo, wannan ƙarin guntun lantarki ne kawai a ciki. Ga kwamfuta kuwa, dokar ta taɓa asalin abin da ya sa ta zama kwamfuta. An shar'anta cewa shirin da ke ɗauke da tuta ba zai bi ta wata kafa da mai na'ura ke iya kaiwa gare ta ba sai a kulle, ke nan abin da EyeTV 500 ke yi, wato zuba lambobi tsirara ta wayar FireWire zuwa faifai, ya zama haramun ga duk wanda za a ƙera bayan wa'adin. Idan kuma za a fitar da hoto daga kwamfuta zuwa allo ta kafar DVI marar kulle, sai an rage shi zuwa ɗigo 350,000, kusan matakin faifan DVD, alhali hoton 1080 ya haura ɗigo miliyan 2. Sannan dole a gina na'urar ta yadda mai amfani da ita na yau da kullum ba zai iya kauce wa tsarin ba.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya rufe ƙofa ga manhajojin da kowa ke iya karanta rubutun cikinsu ya gyara. MythTV, wadda Isaac Richards ya fara a 2002 kuma mutane da yawa suka mayar da kwamfutocinsu na'urar naɗar talabijin da ita, ba ta da yadda za ta yi alkawarin cewa mai ita ba zai goge layin da ke duba tuta ba, domin barin mutane su gyara shi ne dalilin samuwarta. Aikin GNU Radio, na manhajar sarrafa siginar rediyo a kwamfuta, shi ma ya riga ya nuna cewa ana iya warware siginar ATSC da manhaja zalla, abin da ya jawo tambayar ko rubutun manhaja shi ma na'ura ce da hukuma za ta iya hanawa. Gidauniyar EFF mai kare 'yancin masu amfani da fasaha ta shiga kiran jama'a su sayi katunan kamo tasha kafin 1 ga Yuli, ta kuma shirya tarukan koya wa mutane harhaɗa na'urar naɗa da hannunsu, tun da dokar ba ta shafi abin da aka ƙera kafin wa'adin ba.

A ganina nan ne raunin dokar ya fito fili. Haƙƙin masu shirya fina-finai gaskiya ne, domin shiri guda yana cin kuɗi masu yawa, kuma ribarsa ta dogara ne da sake sayar da shi ga wasu tashoshi, da ƙasashen waje, da faifan DVD. Wanda ya ɗora shi a intanet kyauta ya cuci mutanen da suka yi aikin. Amma tutar ba ta iya hana wannan. Tsofaffin katunan da ba su san da ita ba suna nan a hannun mutane kuma halal ne a ci gaba da amfani da su, kafofin analog da ke bayan kowane akwati an bar su a buɗe domin kada miliyoyin talabijin su daina aiki, kuma kwafi ɗaya tak ya isa ya zagaye duniya. Bugu da ƙari, masu yaɗa shirye-shirye a intanet a lokacin ba cikakken HD suke ɗorawa ba. Mai layin gida da ke aika kilobit 256 a daƙiƙa zai kwashe fiye da kwana uku kafin ya tura awa ɗaya ta cikakkiyar sigina, shi ya sa suke matse kowane shiri zuwa 'yan ɗaruruwan megabayit, wanda ko daga analog ana iya samunsa. An yi ƙofar ƙarfe ne a gidan da ba shi da katanga. Wanda dokar za ta takura wa shi ne mutumin kirki da ya naɗi shiri a falo yana son ya kalle shi a kwamfutarsa a cikin jirgin ƙasa, da malamin da ke son yanko minti biyu ya nuna wa ɗalibai.

Wannan mutum kuwa yana da hujja a dokar ƙasarsa. A ranar 17 ga Janairu, 1984, Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai biyar a kan huɗu, ta yanke a shari'ar Sony da Universal cewa naɗar shirin talabijin a gida domin a kalla daga baya halastaccen amfani ne, kuma ba za a kama mai ƙera na'urar bidiyo da laifin abin da wasu masu saye suka aikata ba matuƙar na'urar tana da amfani mai yawa na halal. Tutar ba ta soke wannan hukunci ba. Abin da ta yi shi ne ta mayar da abin da mutum ke yi ba tare da neman izinin kowa ba ya koma abin da sai na'ura ta yarda.

Gaban kotu

Ƙungiyoyi tara ne suka shigar da ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya da ke birnin Washington, Ƙungiyar Ɗakunan Karatu ta Amurka ce a gaba, tare da wasu ƙungiyoyin ɗakunan karatu na jami'o'i da na lauyoyi da na likitoci, da ƙungiyoyin kare masu saye guda biyu, da Public Knowledge, da EFF. An saurari bahasin lauyoyi a ranar 22 ga Fabrairu, 2005, a gaban alƙalai uku: Harry Edwards, David Sentelle da Judith Rogers. Tun a zaman aka ga inda alƙalan suka karkata, domin an tambayi lauyan hukumar ko injin wanki ne zai biyo baya a cikin abubuwan da FCC za ta tsara yadda ake ƙerawa.

Sai dai ƙarar ta kusa faɗuwa kan wani batu dabam. A tsarin shari'ar Amurka ba ya isa mutum ya ce doka ba ta da kyau, sai ya nuna cewa shi kansa za ta cutar da shi ta wata takamaimiyar hanya. A tsakiyar watan Maris kotun ta nemi masu ƙara su kawo ƙarin shaida a kan haka. Abin da ya ceci shari'ar shi ne takardar rantsuwar wata ma'aikaciyar ɗakin karatu a Jami'ar Jihar Carolina ta Arewa, wadda ta bayyana cewa suna taimaka wa malamai su yanko guntayen shirye-shiryen talabijin su aika wa ɗaliban da ke karatu daga nesa ta intanet, abin da dokar TEACH ta 2002 ta halatta, kuma tutar za ta hana. Abin lura ne cewa hujjar da ta buɗe ƙofar kotu daga aji ta fito, ba daga masu sha'awar na'urori ba.

A ranar 6 ga Mayu, 2005, saura ƙasa da wata biyu wa'adin ya cika, alƙalan uku suka haɗu kan soke dokar, Edwards ne ya rubuta hukuncin. Dalilinsu shi ne dokar sadarwa ta 1934 ta ba FCC iko a kan aika saƙo ta waya ko ta rediyo da kuma na'urorin da ke cikin aikin aikawar a lokacin da ake yin sa, tutar kuwa ba ta fara aiki sai bayan sigina ta iso, aikawa ta kammala. Abin da na'ura ke yi da shiri bayan ya shiga gidan mutum ya fita daga hurumin hukumar, sai fa idan majalisar dokoki ta ba ta wannan iko ƙarara. Kotun ta lura cewa a cikin shekaru 70 da kafa ta FCC ba ta taɓa iƙirarin iko mai faɗi haka ba, kuma duk lokacin da majalisa ta so ta tsoma baki a ƙirar akwatin talabijin sai ta yi doka ta musamman, kamar ta 1962 da ta tilasta wa kowane akwati ya kamo dukkan tashoshi. A kan waccan doka ta 1962 ce wannan kotu ta tabbatar wa FCC a 2003 da ikon tilasta saka na'urar kamo dijital a sababbin talabijin, don haka ba ƙiyayya da hukumar ce ta kawo hukuncin ba.

Wajibi ne a karanta hukuncin daidai gwargwadonsa. Kotun ba ta ce ɗan ƙasa yana da haƙƙin naɗar HD a kwamfutarsa ba, ba ta kuma ce tutar ta saɓa wa halastaccen amfani ba. Cewa kawai ta yi wanda ya kafa dokar ba shi da hurumin kafa ta. Kamfanonin fina-finai suka garzaya majalisa, Sanata Ted Stevens ya saka tutar a cikin babban ƙudurinsa na sadarwa a 2006, Sanata John Sununu yana cikin masu adawa, ƙudurin kuma bai zama doka ba. CBS ba ta daina watsa HD ba, kamar yadda sauran tashoshi ba su daina ba. A watan Agusta na 2011 FCC ta share dokar daga kundinta tare da wasu ƙa'idoji da suka daina aiki.

Abin da ya biyo baya

Kasuwa ta amsa da sauri. Daga wajen 2006 kamfanoni irin su Hauppauge, Pinnacle da Elgato suka fitar da na'urorin kamo tasha da ba su fi ɗan yatsa biyu girma ba, ana soka su a kafar USB, SiliconDust kuma ya fitar da HDHomeRun, wanda ake ajiyewa kusa da eriya ya riƙa aika shiri zuwa kowace kwamfuta da ke gidan. Katunan hoto suka karɓi aikin warware MPEG-2 daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, faifai ya kai ɗaruruwan gigabayit. Lokacin da manyan tashoshin Amurka suka kashe analog a ranar 12 ga Yuni, 2009, bayan an ɗage daga 17 ga Fabrairu, kallon HD da naɗarsa a kwamfutar hannu ya zama abin da ɗalibi ke yi a ɗakin kwanansa.

Japan ta nuna yadda ɗaya hanyar take. A can tun watan Afrilu na 2004 aka kulle siginar dijital, sai da katin B-CAS ake buɗe ta, kuma kwafi ɗaya kawai aka yarda a yi. An daɗe ba a sayar da na'urar kamo tasha ta kwamfuta ita kaɗai ba, har wata mai suna Friio da aka ƙera a Taiwan ta bayyana a ƙarshen 2007 tana naɗa ba tare da kula da ƙa'idar ba. A 2008 aka sassauta, aka halatta sayar da na'urorin kwamfuta masu bin ƙa'ida, aka kuma ƙara adadin kwafi zuwa goma. Wanda ya bi doka ya yi shekara huɗu cikin takura, wanda bai bi ba kuma ya samu hanyarsa.

A Amurka ma soke doka bai hana kamfani yin biyayya da son ransa ba. A watan Mayu na 2008 wasu masu amfani da Media Center, manhajar kallo da naɗar talabijin ta Windows Vista, suka tarar kwamfutocinsu sun ƙi naɗar wasu shirye-shiryen NBC na dare, da saƙon cewa mai watsawa ya hana. NBC ta ce kuskure ne aka saka alamar, Microsoft kuma ya tabbatar da cewa manhajarsa tana girmama alamomin da masu watsa shirye-shirye ke sakawa. Babu kotun da za ta hana kamfani gina wannan ɗabi'a a cikin kayansa, kuma mai saye bai san tana ciki ba sai ranar da ta yi aiki a kansa. A 2012 FCC ta halatta wa kamfanonin kebul su kulle hatta tashoshin matakin farko da a da ake kamowa a buɗe, a 2015 kuma Microsoft ya fitar da Windows 10 babu Media Center a cikinsa.

Babban sauyin ya zo ne da sabon tsarin ATSC 3.0, wanda FCC ta ba tashoshi izinin fara amfani da shi bisa zaɓinsu a watan Nuwamba na 2017. Ta fuskar fasaha ya fi tsohon nesa ba kusa ba, domin yana jure siginar da ta bugi gini, yana matse hoto da sabon tsarin HEVC, yana kuma iya ɗaukar 4K. Amma an gina shi da damar kulle shiri tun daga tasha, kuma manyan kamfanonin watsa shirye-shirye sun kafa wata hukuma tasu mai suna A3SA da ke ba da mabuɗi ga na'urorin da ta tantance kaɗai. A cikin 2023 tashoshi da dama suka fara kullewa, mutanen da suka sayi HDHomeRun Flex 4K domin sabon tsarin suka wayi gari tashoshin da suke kallo jiya sun rufe. Wannan karon hujjar 2005 ba ta da wurin kamawa, domin babu hukumar gwamnati da ta tilasta wa wata na'ura komai. Siginar ce kanta take zuwa a kulle, kuma dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta haramta fasa irin wannan kulle. Mai kallo a Kano ko Kaduna da ya soka na'urar DVB-T2 a kwamfutarsa ya ga sunayen tashoshin StarTimes da GOtv sun jeru amma allo ya ƙi nuna komai ya san yanayin, sai dai waɗancan tashoshin biya ne, na Amurka kuwa tashoshi ne da aka ba zangon iska na jama'a bisa sharaɗin su yi wa jama'a hidima kyauta. Wannan bambanci ne ya sa nake ganin kulle su ya fi tutar 2003 muni.

Abin da ya riƙe tsohuwar hanyar shi ne sharaɗin da FCC ta gindaya a 2017 cewa tashar da ta koma sabon tsari ta ci gaba da watsa shirinta a tsohon ATSC, wanda ba a kulle yake ba, kuma a 2023 ta tsawaita ƙa'idar da ke tilasta shirye-shiryen biyu su yi kama da juna har zuwa watan Yuli na 2027. A watan Fabrairu na 2025 ƙungiyar masu tashoshin watsa shirye-shirye ta Amurka, NAB, ta roƙi hukumar ta sa ranar kashe tsohon tsarin, wato 2028 a manyan yankunan watsa shirye-shirye 55, da 2030 a sauran ƙasar.